Juma'a Bakwai Ba a Ji Mai Rake Ba

Nura, wanda shagonsa ke kallon nawa a nan Tudun Wadan Zariya, yakan ɗaura dish huɗu ko biyar a yini. Shi da abokan aikinsa sukan zauna a bencina idan rana ta take, kuma na sha jin suna cewa aikinmu na da ba wani abu ba ne: a jawo waya daga rufi zuwa ɗaki, a soka, a kunna. Ba na musu da su, domin a nasu aikin kusan haka ne. Dish ji kawai yake yi. Rediyon oba-oba kuwa, wanda na yi shekara arba'in da 'yan kai ina ɗaura wa eriya, yana ji kuma yana magana, kuma wayar da ta isa ta kawo maka muryar wani ba lalle ne ta isa ta kai taka ba. Saboda masu dish nake rubuta wannan. Nura ya san sunansa zai fito. Ya ce in rubuta, amma kada in manta in faɗi wanda ya hau rufin daga baya.

Wayar farko da na fere, a shagon Baba Lamidi na fere ta, a Sabon Gari. Bayarabe ne, tsohon soja, a ɓangaren sadarwa ya yi aiki. Ranar da mahaifina ya kai ni, bai nuna mini rediyo ba. Guntun waya kamu ɗaya ya miƙo mini da reza, ya ce in tuɓe ta ba tare da na ji mata ciwo ba. Wayar eriya hawa huɗu ce. Akwai baƙar riga ta roba a waje, ƙarƙashinta akwai saƙa ta siraran jan ƙarfe, sannan farar roba mai kauri, sannan zuciya, wato jan ƙarfen da ke tsakiya. Magana tana bi ta tsakanin zuciyar da saƙar nan, kuma ba a yarda su taɓa juna ba. Idan silin saƙa ɗaya tak, wanda bai kai gashin gira kauri ba, ya lanƙwasa ya taɓa zuciya, ka toshe wa rediyon baki. Baba Lamidi yakan ɗaga abin da na fere ya duba a hasken ƙofa, ya jefar, ya yanko wani. Wata huɗu ina wannan. Yarabancin da na iya, rabinsa daga zagin waɗannan watanni na koya, shi ya sa har yau in na yi shi a kasuwa sai mata su yi ta dariya.

Bayan fira sai liƙi. Ana zura wayar cikin fulogi, a narka dalma ta ramukan gefe ta kama saƙar, a liƙe zuciyar a baki. Zafi ya yi kaɗan, dalma ta tsaya a sama kamar ta kama alhali ba ta kama ba. Zafi ya yi yawa, farar robar ta narke, zuciya ta karkace. Daga nan sai mita, wata 'yar akwati mai allura da ake sa wa tsakanin rediyo da waya. In ka matsa makirfo, allurar tana nuna maka yawan ƙarfin da ya tafi eriya ya kasa fita ya dawo. Idan ta kwanta, aikinka ya yi. Idan ta tashi ta shiga ja, maganarka tana komowa cikin rediyon ne tana dafa shi.

Wani aiki da na yi a Tema, a bakin teku, shi ya fara nuna mini cewa kowace ƙasa da abin da ke cin wayarta. Masu manyan motoci na Zariya da Funtuwa ne ke aika ni in ɗaura musu rediyo a inda suke sauke kaya, don su riƙa jin labarin direbobinsu. A Tema na yanka wayar da ba ta shekara ba na tarar saƙar ta zama koriya, gishirin iska ya cinye ta. Mutanen can man giris suke shafa wa fulogi kafin su naɗe. A Agadas rana ce ke tsattsage rigar waya, don haka ba a barin ta a fili. A Njamena na ga mai gyara yana ɗora ƙarfen liƙi a garwashi, yana kusanto da shi kumatunsa don ya auna zafinsa, kuma liƙinsa ya fi na masu lantarki kyau. Mu a nan ruwa ne abokin gabarmu. Yana bin jikin waya kamar yadda yake bin indararo, ya shiga fulogi, ya sha saƙar har ta yi baƙi. Shi ya sa kafin waya ta shiga bango muke lanƙwasa ta ƙasa ta sake hawa, kamar harafin nun a allo, don ruwan ya taru a cikin lanƙwasar ya ɗiga ƙasa.

Shekarar da wayar salula ta shigo, ban ɗaura eriya ko ɗaya ba. Saukewa na yi ta yi. Mutanen da na hau rufinsu da ƙuruciyata su ne suka riƙa kirana in kwance abin da na ɗaura, domin yanzu direba yana da waya a aljihu. Rediyoyin aka jibge a sito. Wayoyin kuma 'yan gwangwan suka saye, suka ƙone rigar a bayan gari suka kwashe jan ƙarfen. Na tsaya na ga ana ƙona wata mai kaurin babban yatsa da na ja da hannuna a wani gareji kusa da unguwar Kongo, ba abin da ya same ta. Abokan sana'ata wasu suka koma gyaran talabijin, ɗaya ya sayi babur ya shiga acaɓa. Ni na koma gyaran fanka da dutsen guga, ina riƙe da 'yan tsofaffi biyar ko shida da suka ƙi sauke nasu.

Na ƙarshensu shi ne Alhaji Dauda. Ya yi zamani da manyan motoci tara, kuma a rediyo ana kiransa Mai Rake. Masu wannan harka suna da al'adarsu. Kowa da sunan da ake kiransa da shi a iska, ba a tambayar sunan yanka, kuma da salula ta zo suka ƙi musayar lamba, wai duk wanda ya samu lambar ɗan'uwansa zai daina kunna rediyo. Kowace Juma'a da hantsi, kafin a yi shirin masallaci, sukan taru a tasha ɗaya su gaisa. Da damina akwai ranakun da muke cewa sama ta buɗe, sai murya ta tashi ta sauka can wata ƙasa, ka ji mutumin Chadi fiye da yadda za ka ji na Samaru. Da rani sai a yi wata biyu ba a ji na nesa ba. Da farko sun kai ashirin. Mutuwa da tsufa suka yi ta ɗauka, har ya rage Alhaji da wani mutumin gabashin Chadi da ake kira Abu Tamur, wato mai dabino, wanda ya koyi Hausa wurin fatauci yana gauraya ta da Larabcinsu. Sun kusa shekara talatin suna magana, ba su taɓa ganin juna ba.

Daminar da nake ba da labari, na tafi Maradi wurin 'yata da ta haihu, na daɗe. Ranar Alhamis na dawo, Juma'a da sassafe Alhaji ya aiko. Na same shi a ɗakinsa na soro gaban rediyo, ya ce in zauna in ji da kunnena, amma kafin lokaci ya yi ya ba ni labari. Makonni bakwai da suka wuce ya gaya wa Abu Tamur cewa 'ya'yansa sun sayar da motarsa ta ƙarshe. Abu Tamur kuma ya ce masa ai shi ya lalata su, ya tura su makaranta ya hana su shaƙar warin man dizal, yanzu kuma yana kuka. Maganar ta ƙona Alhaji, ya kashe rediyo ko sallama bai yi ba. Kafin azahar ya huce. To a makon nan ne 'ya'yan suka canza kwanon gidan saboda yoyo, suka kira Nura ya ɗaura dish. Nura ya ga tsohuwar wayata baƙa mai kauri ta rataya a sabon bango tana ɓata shi, ya cire, ya sa fara siririya irin ta dish, ya miƙa tsohuwar ga ɗan gwangwan. Da Alhaji ya yi ƙorafin cewa ba a jin sa, Nura ya zo ya kunna, ya ji ƙara tana fitowa, ya ce lafiyar rediyo ƙalau.

Wajen ƙarfe goma muryar Abu Tamur ta shigo, tana tashi tana sauka. Ya kira Mai Rake sau uku. Ya ce yau Juma'a ta bakwai ke nan yana neman afuwa, ya san bakinsa ya yi kaifi, amma Musulmi ba ya ƙaurace wa ɗan'uwansa haka. Sannan ya ce idonsa ya tafi, 'ya'yansa za su mayar da shi Njamena, gidan haya a bene inda ba a kafa ƙarfen eriya, kuma Juma'a mai zuwa ita ce ta ƙarshe da zai kira.

"Mai Rake, in kana ji na, ba sai ka yi hira da ni ba. Sallamar kawai ka amsa."

Alhaji yana matse da makirfo da hannu biyu yana cewa ya yafe tun ranar, yana ɗaga murya kamar ƙarfin maƙogwaro ne zai kai ta. Na taɓa bayan rediyon, ya yi zafin da ba na iya barin hannu. Na ce ya saki, ƙara kashe shi yake yi. Na tambaye shi ko akwai wata hanya, lamba ko sunan unguwa ko wani ɗan kasuwa da ya san mutumin. Ya ce abin da ya sani shi ne yana da ciwon gwiwa da 'ya'ya shida da rijiya a tsakar gida.

Da na buɗe fulogin na ga abin da ya faru, kuma nan ne nake so masu dish su karanta a hankali. Wayarku ana ce mata mai saba'in da biyar, tamu mai hamsin, an rubuta a jikin riga. Wannan bambancin kaɗai ba ya hana magana fita, ɗan ƙarfi ne zai ragu. Babbar matsalar saƙar ce. Taku ta alminiyom ce, dalma ba ta kama ta ko za ka kwana kana narkawa. Nura da ya ga ta ƙi, sai ya murɗe ta ya cusa ya naɗe da salatif. A sama kuma bai yi lanƙwasa ba, ruwa ya bi ya cika fulogin eriya. Zuciyar waya ita kaɗai ta isa ta tsinto murya mai ƙarfi daga iska, shi ya sa Alhaji ke ji. Amma duk abin da ya faɗa a makonni bakwai bai wuce teburinsa ba, ya dawo ya ƙone taransiston da ke tura magana.

Taransisto ina da shi, na ciro daga wani mataccen rediyo a shagona. Waya ce aiki. Asabar na zagaye Sabon Gari, Litinin na shiga mota zuwa Kaduna, da maganaɗisu da 'yar wuƙa a aljihu. Duk wanda ya miƙo mini waya ya rantse ta jan ƙarfe ce, sai in kanga maganaɗisun a zuciyarta, ya manne. Baƙin ƙarfe ne aka shafa wa launi. Wata kuma zuciyar ta yi, amma saƙar sili goma sha wani abu ce, kana hango farar robar ta cikinta kamar tsohon gidan sauro. Wani mai shago ya ce zai sa a kawo mini ta gaske daga Legas cikin mako biyu. Na yi masa godiya.

A motar dawowa na tuna wani aiki a Dutsen Abba. Shekara ashirin da wani abu da suka wuce na ɗaura wa wani mai sayen auduga eriya, kuma da yake mutum ne mai son tsari, ya sa na zura wayar cikin bututun roba na bi da ita ƙarƙashin kwano. Ya rasu da daɗewa, ban kuma tuna an kira ni in sauke ba. Talata na je. Uwargidansa, Hajiya Rabi, ta leƙo ta labulen zaure ta ce ashe ina da rai, ita ta zaci an jibge ni a sito tare da rediyoyin. Na faɗa mata abin da ya kawo ni. Ta ce in kwashe, in haɗa da ƙarfen ma in ina so, ba abin da yake yi sai tara mata hankaki. Amma ta ce da sharaɗi ɗaya, in dawo in gaya mata ko tsofaffin sun shirya.

Gwiwata ba ta hawa rufi yanzu. Na je shagon Nura na ajiye masa fulogin da ya haɗa a kan tebur. Ya juya shi ya ga ruwa na ɗiga. Ya ce, "Baba Isiyaku, wallahi na zaci waya waya ce." Na ce na sani, ya ɗauko tsani. Laraba shi ya hau rufin Hajiya ya zaro ta daga bututun a hankali, ina ƙasa ina hana shi fizga. Tsawonta mita ashirin ne. Na yanke kamu ɗaya a bakin da ya yi waje, saƙar baƙa. Na ƙara yankewa, baƙa. Sai da na zubar da kusan mita uku kafin ta fito ja tana walƙiya kamar ranar da na saye ta. Gidan Alhaji kuwa mita goma sha takwas yake buƙata. Ban yarda da ƙari ba, domin duk mahaɗa ƙofa ce ta ruwa da asarar ƙarfi. Sai muka ɗauke teburin Alhaji daga inda ya shekara talatin muka kai shi gindin taga. Ya yi gunaguni, ya ce nan iska ke shigowa.

Alhamis muka ɗaura. Na liƙa fulogi biyun a ƙasa, a inuwa, domin iskar kan rufi tana sanyaya ƙarfen liƙi. Nura ya hau da ɗaya, ya ɗaure, ya naɗe daga ƙasa zuwa sama yadda na ce, ya yi lanƙwasar a bakin taga. Na sa mita na matsa makirfo. Allurar ta ɗan motsa ta kwanta. Alhaji ya tambaya ko shi ke nan. Na ce nawa aikin ya ƙare, amma buɗewar sama ba a hannuna take ba, kuma akwai Juma'ar da ba ta buɗewa sam.

Ranar Juma'a tun ƙarfe tara muna zaune, ni da shi, Nura a bakin ƙofa ya bar shagonsa a rufe. Ba komai sai shuu. Goma ta wuce, sha ɗaya ta wuce. Wasu masunta suka shigo da wani yare na bakin teku da ban sani ba, suka ɓace. Alhaji ya riga ya sa babbar rigarsa ta masallaci. Lokaci-lokaci yakan matsa ya ce Mai Rake ne, Mai Rake na kira, ya saki ya saurara. Sha biyu saura kaɗan muryar Abu Tamur ta taso daga cikin ƙarar, siririya. Bai yi dogon bayani ba wannan karon. Sallama kawai ya yi, sau ɗaya.

Alhaji ya matsa ya amsa sallamar cikakkiya, har wa barakatuhu.

Na duba allura. Sannan muka ji, "Mai Rake? Kai ne, ko ɗanka ne mai sayar da motoci?"

"Ni ne, tsohon banza. Ba fushi na yi ba. Waya ce."

"Waya?"

"Waya. Ina jin ka duk makonnin nan, har abin da ba ka so in ji. Ga mai gyaran nan, tambaye shi."

Ya miƙo mini makirfo, na yi wa mutumin bayani a gurguje da Larabcinsu. Ya yi dariya har tari ya kama shi, ya ce a gaya wa wanda ya sa farar waya ya ci albarkacin Juma'a. Nura ya sunkuyar da kai. Na mayar wa Alhaji. Suka taɓa maganar gwiwa da ido da ruwan bana, kamar ba abin da ya faru. Alhaji ya ce abin da ya faɗa kan yaran rabinsa gaskiya ne, shi ya sa ya yi zafi. Abu Tamur ya ce rabin da ba gaskiya ba shi yake nema wa gafara. Muryar ta fara nutsewa, na yi wa Alhaji alama da hannu cewa sama na rufewa.

"Abu Tamur, mu yafi juna."

"Na yafe maka duniya da lahira, Mai Rake. Ka yafe ni."

"Na yafe. Allah ya sada mu a inda ba a sauke eriya."

Mun ji amin ɗinsa, rabinta. Daga nan sai shuu.

Alhaji bai kashe rediyon ba sai da ladan ya yi kiran farko. Ya tashi ya gyara rigarsa ya nemi sandarsa. Ina naɗe mitata na ce masa, in yana so, bayan damina zan zo mu sauke ƙarfen kada iska ta yaye masa sabon kwano, tunda ba wanda ya rage a tashar. Ya ce ya sani. Ya sa takalmi, ya kai bakin ƙofa, sannan ya juyo.

"Bar shi, Malam Isiyaku. Kafin ruwan baɗi dai ka zo ka duba liƙin."